Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaro Kan Mazan Jiyan Yaƙin Bama

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙon wannan nauyi, na rubuto ne kan wata magana da na san ba ta cikin abubuwan da ke hana ka barci. Teburinka cike yake da batun 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, da na Boko Haram a gaɓar Tafkin Chadi, da na albashi da kayan faɗa. Tawa maganar ta mutanen da suka yi yaƙi fiye da shekara tamanin da suka wuce ce, kuma kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Amma ma'aikatarka ce ta gaje su, don haka ƙofarka ce ta dace a ƙwanƙwasa.

Hedikwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo, Kaduna, tana cikin Barikin Dalet. A Kadunan dai akwai Barikin Kalapanzin. Kuratan da ke shan horo a Dafon Zariya a Barikin Chindit suke shan sa. In aka gangara Ibadan ga Letmauk, a Legas kuma ga Arakan da An da Myohaung da Tamandu, ga kuma Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna suna juya ƙasar nan kafin a koma Abuja a 1991. In ka cire Chindit, wanda sunan wata runduna ce ta musamman, sauran duk sunayen koguna ne da garuruwa da yankuna a yammacin ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Hatta lambobin Runduna ta 81 da ke Legas da ta 82 da ke Enugu daga can aka gaje su. Sojojinmu na shiga suna fita ta waɗannan ƙofofi dare da rana, iyalansu na zaune a ciki, amma tsayar da ƙaramin soja a bakin get ka tambaye shi me ya faru a Dalet, da wuya ka samu amsa. Kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa. Mun riƙe sunayen wuraren da aka yi yaƙin, mun saki sunayen mutanen da suka yi shi.

Yaƙin Duniya na Biyu, ko Yaƙin Hitila kamar yadda kakanninmu ke kiransa, ya iso ƙasar Hausa tun kafin a ɗebi mutum ko ɗaya zuwa Asiya. Da Jamus ta ci Faransa a watan Yunin 1940, gwamnatin Faransa ta Vichy da ta miƙa wuya ga Jamus ita ta ci gaba da riƙe Afirka ta Yamma ta Faransa, har da Nijar, zuwa ƙarshen 1942. Aka wayi gari iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, da wadda ke tsakanin Kano da Damagaram, ta zama iyakar ɓangarori biyu masu zargin juna, alhali dangi ɗaya ne a kowane gefe. A Chadi kuwa Gwamna Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, a watan Agustan 1940, kuma wannan shawara tasa ce ta buɗe hanyar sama da Ingila ta dogara da ita wajen riƙe Masar. A kan kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher da Khartoum har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi ta wannan hanya.

Da farko gabas aka tura sojojinmu, don korar Italiya daga Somaliya da Habasha. Birged ɗin Najeriya ne ya shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairun 1941, daga nan ya zarce Harar, tafiyar kimanin mil dubu cikin wata guda, kuma a watan Mayun shekarar Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa a Addis Ababa. Barikin Mogadishu na Abuja shaidar wannan ne. Cikin waɗanda suka yi wannan tafiya akwai Samanja Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda rayuwarsa kaɗai ta isa darasin zango guda. Ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a Yaƙin Duniya na Farko, daga baya ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙin Habasha ya samu lambar yabo, ya je Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Shi dai ya yi sa'a, an sa wa bariki sunansa a Lakwaja. Sauran dubban fa?

Sai Japan ta shigo. Ta ci Malaya, ta karɓi Singapore ranar 15 ga Fabrairun 1942, ta shiga Rangoon a watan Maris, kafin damina ta kankama ta kora sojojin Ingila har cikin Indiya. Faɗuwar Malaya ta raba Ingila da babbar ma'adanar kuzarta, sai ido ya dawo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwashe talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ala tilas, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Yawansu ya kai wajen dubu ɗari, kuma sanyin Filato da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa. Su ma mutanen yaƙin nan ne, ranka ya daɗe, ko da ba su taɓa sa kaki ba, kuma babu wani dutse da aka kafa domin su.

Game da ɗaukar soja, gara a faɗi gaskiya yadda take. Wasu da ƙafarsu suka je, don albashi, ko don ganin duniya, ko don gudun wani abin da ya ishe su a gida. Wasu kuwa Razdan ne ya gaya wa Sarki adadin da yake so, Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci kuma ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ita ke kai wa jama'a labarin fagen daga da Hausa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa hukuma na amfani da ita wajen jan hankalin samari. A 1944, shekarar da aka naɗa shi, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Indiya da Bama ya ga sojojin. Duka-duka kimanin mutum dubu casa'in ne daga Afirka ta Yamma suka yi aiki a wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Hausa ce harshen bariki tun zamanin Lugga, kuma da ita Bajukune da Batibi da Bakanuri da mutumin arewacin Gwalkwas ke fahimtar juna, ko da yake a lokacin yaƙin an matsa wajen koyar da Turanci. Hafsoshin kuwa Turawa ne kusan kaf, har da wasu 'yan Poland da Jamus ta mamaye ƙasarsu aka rasa inda za a kai su. Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya zama hafsa a 1942, shi ne baƙar fata na farko da ya keta wannan shinge.

Dalilin da ya sa aka zaɓi mutanenmu ba abin alfahari ba ne ga waɗanda suka zaɓe su. Manyan hafsoshin Ingila sun ɗauka duk ɗan Afirka ɗan kurmi ne, alhali mafi yawan waɗanda aka ɗiba daga Arewa ba su taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba. Dalili na biyu kuma shi ne dako. Runduna ta 81, wadda aka kafa a Maris 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, an tura ta kwarin Kogin Kaladan da ke yankin Arakan ne a farkon 1944, wurin da mota ba ta shiga, alfadari ma da ƙyar. Saboda haka kowane birged na tafe da rukunin 'yan alaro, sojoji ne su ma amma yawancinsu adda kaɗai ke hannunsu, suna ɗauke da harsashi da abinci da sassan igwa da majinyata a ka, suna hawa da sauka kan tsaunukan da gora ta rufe. Abinci daga sama ake jefo musu da laima, kuma ita ce runduna ta farko mai girman haka da ta rayu kacokan a kan abin da jirgi ya jefo. Da diga da shebur suka sare hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 cikin tsaunuka. Zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku sun yi musu ɓarnar da ba ta gaza ta harsashi ba. A zagayen farko sun kai Kyauktaw, Japanawa suka juyo musu da ƙarfi a watan Maris suka mai da su baya, kuma a rubuce-rubucen manyan hafsoshi wannan ja da baya aka fi tunawa da su. Bayan damina suka sake gangarowa.

A daidai wannan lokaci an cire birged guda daga Runduna ta 81, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Rejimantin Najeriya, aka ba Janar Orde Wingate don aikin Chindit, wato a sauke sojoji da jirgi a bayan layin abokan gaba su datse musu hanyar jirgin ƙasa. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda suka riƙe sansanin da ake kira White City a 1944, Japanawa na kawo hari dare bayan dare. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga Maris ɗin shekarar. Ita kuwa Runduna ta 82 ta bi kwarin Kalapanzin a ƙarshen 1944, ta karɓi Buthidaung, ta haɗu da ta 81 suka ci Myohaung a Janairun 1945, sannan ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk da hanyar An, inda aka yi faɗa mai tsanani ana zubar da jini kan kowane tudu. Ghana da Saliyo har yau sojojinsu na bikin Ranar Myohaung duk watan Janairu. Mu da muka fi kowa yawan mutane a wurin ba ma yi.

Turawan Ingila da kansu suna kiran Runduna ta 14 ta Janar Slim, babbar rundunarsu a yaƙin Bama, rundunar da aka manta da ita, domin hankalin Landan na kan Turai. To in su an manta da su, ina ga baƙaƙen cikinsu? Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, amma da yawa daga mutanenmu sai a 1946 suka ga gida, suna zaune a sansani suna jiran jirgin ruwa. Da aka zo kuɗin sallama, takardun da aka bankaɗo a 2019 sun nuna farabiti Bature na samun sule goma kan kowane watan da ya yi yana aiki, farabiti baƙar fata kuwa sule uku da sisi. Harsashin Japan bai tambayi launin kowa ba, amma akawun biya ya tambaya. Alkawarin aiki da na fansho da aka yi ta yi musu a bakin jirgi yawanci ya bi iska. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna takardar koke, wani Baturen ɗan sanda ya buɗe wuta ya kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, kuma tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta tafiyar da ta kai Ghana ga 'yancin kai a 1957. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamban 1944, sojojin Faransa suka bindige sojojin Afirka da suka dawo daga kurkukun Jamus don sun nemi haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama na cewa sun ninka haka sau da yawa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

Ba ina neman a mai da yaƙin nan abin kirari ba ne, ranka ya daɗe. Mutanen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka aka ɗiba su je su ƙwato wata ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, a mayar wa mai mallakar. Yarjejeniyar Atlantika da Ingila da Amurka suka ƙulla a Agustan 1941 ta ce kowace al'umma na da ikon zaɓen gwamnatinta, bai fi wata guda ba Firaministan Ingila Churchill ya fito ya ce ba da ƙasashen da Ingila ke mulka ake ba. Su kansu mutanen Bama a rabe suke. Aung San, jagoran masu neman 'yancin Bama, ya shigo tare da Japan yana fatan 'yanci, da ya ga mamayar ta zama sabuwar bauta sai ya juya ya koma ɓangaren Ingila da ƙawayenta a Maris 1945, aka kashe shi a Yulin 1947, ƙasar ta samu 'yanci ranar 4 ga Janairun 1948 ba tare da shi ba.

A Arakan, inda sojojinmu suka fi daɗewa, mamayar ta bar ciwon da bai warke ba. Da mulkin Ingila ya rushe a 1942, rikici ya ɓarke tsakanin mabiya addinin Buda, waɗanda yawancinsu suka karkata ga Japan, da Musulmi, waɗanda Ingila ta ɗauka aikin leƙen asiri ta ba wasunsu makamai. An kashe dubbai a kowane ɓangare, Musulmi suka tattaru a arewa, sauran a kudu. Sojojinmu Musulmi sun tarar da masallatai a waɗannan ƙauyuka. Isaac Fadoyebo, wani matashi Bayarabe daga ƙasar Owo da ke aikin jinya a Runduna ta 81, an harbe shi a bakin Kaladan a Maris 1944 aka bar shi ana zaton ya mutu, shi da wani Saje ɗan Saliyo, David Kargbo. Wani manomi Musulmi ne ya ɓoye su yana ciyar da su wajen wata tara, yana sane da abin da Japanawa za su yi masa in suka gane. Yaƙi ya ƙare, Ingila ta tafi ta bar waɗanda suka taimake ta. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta fitar da Musulmin wannan yanki, wato Rohingya, daga lissafi, a 2017 kuma fiye da dubu ɗari bakwai suka tsere Bangladesh, da yawansu daga Buthidaung da Maungdaw, wuraren da kakanninmu suka taka da ƙafarsu. Ƙasar da ta kai ƙarar Myanmar Kotun Duniya a Nuwamban 2019 ita ce Gambiya, wadda bataliyarta ta yi yaƙi a Kaladan kafaɗa da kafaɗa da tamu. Ɗalibin da ya san wannan zai karanta labaran duniya da wani ido daban.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin tankar yaƙi guda ba. Na farko shi ne sunaye. Rahotannin yau da kullum na kowace bataliya suna nan a rumbun tarihin Ingila da ke Kew a Landan. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth na da jerin waɗanda suka mutu, ga kaburburan mutanenmu a Taukkyan kusa da Rangoon, wato Yangon ta yau, da Chittagong da Maynamati a Bangladesh, wasu kuma sunansu kaɗai ke jikin bangon tunawa na Rangoon don ba a ga gawarsu ba. Ita wannan hukuma ta amsa a rahotonta na Afrilun 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har Sakataren Tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Wanda ya nemi afuwa a bainar jama'a ba zai iya hana ka kwafin takarda ba. Ma'aikatarka ta nemi waɗannan takardu a hukumance, a haɗa su da abin da ke Rumbun Tarihi na Ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa, a ba malaman jami'o'inmu su tace, a fitar da rajista guda a intanet wadda mutum zai shiga ya nemi kakansa da suna da lamba da garinsu. Aikin na bukatar masu jin harsunanmu, domin akawun Bature yakan rubuta mutum da sunansa da sunan garinsu kawai, yadda kunnensa ya ji. Kuma a sa 'yan alaro a ciki, a sa mutanen ɗiban gwamna gwargwadon abin da takardun larduna suka riƙe.

Na biyu, a kafa allo a ƙofar kowane barikin da ke ɗauke da sunan Bama ko Habasha, da Turanci da harshen mutanen wurin, a faɗi inda wurin yake, da shekarar, da bataliyar da ta yi faɗan, da waɗanda suka kwanta a can. Kuma a koya wa kurata wannan a Dafo kafin su fita.

Ranar 15 ga Janairu da muke tunawa da mazan jiya ranar ƙarshen yaƙin basasa ce a 1970, kuma daidai ne a riƙe ta. Sai dai tun da aka bar 11 ga Nuwamba, ranar da ake yin wannan tunawa a da, waɗanda suka yi yaƙi kafin 1960 suka zama kamar sojojin wata ƙasa, a ambace su a jimla guda cikin jawabi a wuce. Tunda Myohaung ma a Janairu take, babu abin da zai hana a keɓe musu wuri a cikin makon. Yanzu da darasin Tarihi ya dawo makarantun firamare da ƙananan sakandare bayan shekarun da ya yi a waje, takwaranka na Ilimi zai bukaci abin da zai sa a littafi, kuma a hannunku kayan suke.

Na ƙarshe shi ya fi gaggawa. Wanda yake ɗan shekara 18 a 1943 yanzu ya haura ɗari. In akwai sauran masu rai, 'yan ƙalilan ne, kuma rassan ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa a jihohi su suka fi kowa sanin inda suke. A nemo su a duba lafiyarsu da abincinsu, a ɗauki muryarsu. Inda suka rasu, akwai matansu da 'ya'yansu da suka ji labarin daga baki, akwai lambobin yabo da littattafan sallama a ƙasan adaka waɗanda gara ke ci. A ba kowace runduna umarni ta tura ƙaramin ayari da na'urar ɗaukar magana da ta ɗaukar hoton takardu zuwa ƙananan hukumomin da ke yankinta, a fara a wannan ranin kafin ruwa ya sauka hanyoyi su ɓaci.

Allah ya ba ka ikon dubawa. Wassalam.

Naka,
Wani malamin Tarihi daga Zariya